Ranar da Barakatu Ta Cire Ƙusoshin Taga

Idan aka tambaye ni mace mafi taurin kai da na taɓa zama da ita, ba sai na yi dogon tunani ba. Barakatu ce, mai gyaɗa ta unguwar Alsawra a Umdurman. Na sha faɗa mata haka a kan idonta, ita kuma takan ce ai daga Gusau aka aiko mata da wadda ta fi ta.

Ni ce 'yar Gusau ɗin, sunana Sauda. Na je Sudan a tsakiyar shekarun casa'in ina biye da mijina Abdulrauf, wanda ya samu gurbin karatun shari'a, muka kama hayar ɗaki a gidanta. Lokacin sojoji ke riƙe da ƙasar. Abin da mace irina ta sani game da mulkinsu kuwa bai wuce layin burodi da sassafe ba, da sukarin da sai da kati ake sayarwa, da wutar lantarki mai zuwa ba sallama ta tafi ba ban kwana.

Kakan Barakatu da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja zai je Makka. Ya tsaya noman auduga a Jazira don ya tara guzuri, guzuri bai taru ba sai 'ya'ya. A Mai Wurno, garin Hausawa na can, aka haife ta, aure ya kawo ta Umdurman. Hausarta irin ta kakanninmu ce, mai daɗi a kunne, sai dai kafin ta kai ƙarshen magana Larabci ya kwashe rabi. Mijinta Salih mai agashe ne, wato tsiren can, mutum ne da za ka yi mako a gidan ba ka ji muryarsa ba in ba a salla ba. Ita kuwa kullum da safe tana gaban kasko tana suyar gyaɗa cikin yashi, ta ƙulla a leda, ta ɗauka zuwa tashar motoci. Ta san kowane kwandasta da sunan uwarsa, kuma babu wanda ya isa ya ɗauki ƙulli ɗaya ya ce sai gobe.

'Ya'ya uku ta haifa, dukkansu da ciwon sikila. Ta farkon ba ta yi nisa ba. Na biyun namiji ne, ya girma har ya shiga makaranta, sai wata shekara cikin sanyin Janairu ya kwana a tsakar gida kamar yadda kowa ke kwana a garin. Ya tashi da ciwon ƙirji da na ƙashi, bai ga ƙarshen watan ba. Tun daga nan Barakatu ta ɗaura yaƙi da iska. A wurinta iska ce ta shiga ƙashin ɗanta ta kashe shi, kuma ba malami ba likita da zai sauya mata wannan magana.

Wadda ta rage ita ce Nabila. Lokacin da na zo tana ajin tsakiya na firamare, siririya, idanunta da ɗan rawaya, bakinta kuwa kamar reza. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa, ta kira ni Khala, wato inna da Larabci, ta ce, "Khala Sauda, duk mutanen Najeriya haka suke magana da ƙarfi, ko ke ce kurma?" Tun ranar ta shiga raina.

Likita ya ba Barakatu umarni uku: kada zafi ya busar da yarinyar, kada sanyi ya buge ta, a riƙa ba ta ruwa tana sha da yawa. Faɗa da baki ba wuya. Amma wanda ya taɓa yin bazara a Umdurman ya san ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da hannu idan rana ta take.

Sai ga ƙanen Barakatu Muhajir ya zo hutu daga Jidda, inda yake tuƙa babbar mota. Mutumin kirki ne mai son 'yar yayarsa, sai dai in ya yi abu yana so unguwa ta sani. Ya kawo magina suka tayar da ɗakin bulo a gefen gida, aka yi masa rufin kwano da shuɗin fenti. Ya haye gada zuwa Khartum ya sayo mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. Akwatin ƙarfe ne babba da ake kafawa a jikin bango daga waje. Gefunansa cike suke da wata ciyawa mai laushi da suke kira gash, ƙaramin famfo na jiƙa ta da ruwa, fanka kuma na jawo iskar waje ta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawar ta hura cikin ɗaki. Ranar da aka kunna shi mata suka yi ta shigowa suna tsayawa a gabansa, mayafansu na kaɗawa, suna sa wa Muhajir albarka.

Kafin ya koma ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ɗaga yatsa. Ya ce, "Yaya, abu ɗaya zan faɗa miki. A Jidda in ka kunna mukayyif, sai ka rufe ko'ina. Taga, ƙofa, ko ramin ƙadangare ne a toshe. In ba haka ba sanyin duk ya gudu waje."

Gaskiya ya faɗa game da Jidda, domin nasu na can mai gas ne. Wannan kuwa na ruwa ne, amma a lokacin a cikinmu ba wanda ya san akwai bambanci. Barakatu kuma kamar an sosa mata inda ke mata ƙaiƙayi. Abin da zuciyarta ke so ke nan, ga shi wanda ya ga duniya ya tabbatar. Da kanta ta ɗauki guduma ta buga ƙusoshi a tagar, ta bi kowace kafa da tsumma ta toshe, ta rataya bargo a bayan ƙofa. Gadon Nabila kuma ta jawo shi daidai bakin na'urar, don kada ko ɗigon sanyi ya yi asara.

Bazara ta shigo, ɗakin nan ya zama abin tausayi. In akwai wuta, da rana ka shiga sai ka ji iska ta yi nauyi, jiki na danƙo, bango na tsatstsafo, zanin gado a jiƙe kamar an shanya shi ba a matse ba. In aka ɗauke wuta, kafin ka gama wanke kwanuka kwanon rufi ya mayar da ɗakin tanda. In famfon unguwa ya ƙafe, ciyawar ta bushe, fanka ta dinga huro zafin waje tsagwaronsa. Abin da ya fi muni shi ne na asuba. Barakatu za ta buɗe ƙofa ta fita alwala ta bar ta a buɗe, sai iska ta samu hanya, sanyi mai kaifi ya kwararo kan yarinyar da ta kwana cikin gumi. Haka jikin Nabila ke shan zafi da laima da sanyi a yini guda.

Ciwon ya tashi. Na taɓa ganin masu ciwo, amma ban taɓa ganin yaro na cizon matashin kai don kada uwarsa ta ji kukansa ba sai a wurin Nabila. Aka kwantar da ita asibiti, aka sallamo ta, ba a jima ba aka sake komawa. Makaranta ta tsaya. Barakatu ta daina fita tasha, kaskon gyaɗa ya yi ƙura. Shekarun yarinyar sun kai daidai na yayanta lokacin da ya rasu, kuma kowa a gidan ya san haka, ba dai mai furtawa. Duk lokacin da aka dawo daga asibiti sai Barakatu ta ƙara tsumma a jikin taga, tana cewa har yanzu akwai inda iska ke sata ta shigo.

Akwai abu ɗaya da Barakatu ke alfahari da shi fiye da gyaɗarta, wato zir ɗinta. Zir randar ƙasa ce doguwa mai tsinin gindi, ana ɗora ta a kan ƙarfe, jikinta na tsatstsafo, ruwan ciki ya yi sanyi. Tana da guda biyu a ƙarƙashin darbejiya, kuma har daga wani layi yara ke zuwa roƙon ruwanta. Da likita ya sake jaddada maganar shan ruwa, sai ta ɗauke wanda ya fi kyau ta shigar da shi ɗakin Nabila, ta ajiye a gefen gado.

Wata rana da azahar na shiga duba yarinyar, ƙishi ya kama ni, na ɗebi ruwa a zir ɗin na kurɓa. Ni kuma bakina ba ya ajiye magana.

Na ce, "Yaya Barakatu, wannan ruwan sha ne ko na wankan jego? Haba yarinya ba za ta ƙi sha ba!"

Ta taso mini kamar na zagi iyayenta. "Zir ɗina? Ya Sauda, ki iya bakinki. Wannan zir ɗin ya girme ki a garin nan."

"To ɗanɗana mana."

Ta karɓi kofin ta sha. Ta shafa jikin randar, a jiƙe yake sharaf, amma ɗumi gare shi. Ta fita, na bi ta. Ta ɗebi na ƙarƙashin bishiya, wanda ke tsaye a cikin iskar azahar mai ƙona fuska, ta sha. Na karɓa na sha ni ma, sanyinsa har cikin haƙori. Ta koma ciki ta sake shan na ɗaki. Haka ta yi ta kai da kawowa da kofi a hannu, har Nabila daga kan gado ta ce wa uwar, "Yumma, in kin shanye duka ni me zan sha?"

Barakatu ta zauna a bakin gado. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Na waje yana cikin wuta ya yi sanyi. Na ciki yana gaban mukayyif ya yi ɗumi. Uwata takan ce kada a sa zir a lungu, sai inda iska ke wucewa." Ta ɗaga kai ta dubi na'urar da ke ta gurnani a bango, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "Ya Sauda, ɗauko mayafinki gobe. Za mu je wurin wanda ya ƙera abin nan."

Washegari muka bar Nabila da babanta, muka shiga motar haya muka haye gada zuwa Mantiƙa Sinaiya, unguwar maƙera da kanikawa ta Khartum. Ko'ina ƙarar guduma da tartsatsin walda, ƙasa baƙa ƙirin da man inji, mu kaɗai ne mata a layin. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana rumfar Usta Gwadabe. Dattijo ne gajere mai furfura, shi ma Bahaushe ne daga unguwar Hajj Yusuf, yana zaune yana cusa ciyawa a cikin ragar waya.

Ko gaisuwa Barakatu ba ta bari ta ƙare ba. Ta ce, "Ya Usta, tambaya ɗaya ta kawo ni. Abin nan da kake sayarwa, zir ne ko ba zir ba ne?"

Ya ajiye aikinsa ya dube ta. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya. "Wallahi Hajja, shekarata nawa ina ƙera shi, ba wanda ya taɓa kiransa da sunansa na gaskiya sai ke. Zir ne aka sa wa fanka, khalas, shi ke nan."

Ta ba shi labarin ɗakin, da ƙusoshi, da tsummoki. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa da ya ji akwai yarinya marar lafiya a ciki. Ya ce, "La haula. Duk 'yan Saudiyya haka suke yi mana. Hajja, busasshiyar iska ce ke shan ruwan ciyawa, a nan sanyi ke fitowa. In ta shiga ɗaki ta ƙoshi da ruwa, dole ta samu ƙofar fita, sabuwa ta shigo. In kin toshe, ta ina za ta bi? Sai ta tsaya ta ruɓe a kan yarinyar."

Barakatu ta ce, "To me ya sa ba ya tsayawa wuri ɗaya? Yanzu zafi, an jima sanyi."

"Don ba shi da hankali," in ji Usta Gwadabe. "Bai san azahar ba, bai san asuba ba. Abin da ya samu a waje shi yake ragewa ya miƙo miki. In waje ya yi zafi ya ba ki dama-dama, in waje ya huce ya ba ki ƙanƙara. Ko mai gas ɗin da ake kuri da shi, iskar da ke bakin hancinsa kawai yake aunawa, bai san abin da ke faruwa a kan gado ba. Ga kahraba, wutar lantarki ke nan, tana zuwa tana tafiya, ga moya, ruwan famfo, haka. Hankalin, Hajja, sai dai naki. Ki buɗe taga ta ɗaya gefen kamar faɗin tafin hannu, ki janye gadon daga bakinsa."

Muka kamo hanyar gida a mota. Ni na ɗauka murna za ta yi, sai na ga ta ƙura wa tagar motar ido, fuskarta a murtuke. Sai a lokacin na gane abin da aka ce ta yi. An ce ta buɗe wa abin da ya kashe ɗanta hanya da hannunta, ya ratsa ɗakin 'yar da ta rage mata.

Ba ta taɓa tagar ba ranar, haka washegari. Na yi mata magana ta ce in fita harkarta. Na yi fushi na fita, na dawo na sake yi mata, muka yi cacar baki har Abdulrauf ya leƙo ya ce in ji tsoron Allah in bar baiwar Allah. A rana ta uku da hantsi ina wanki sai na ji ƙarar ƙarfe. Na leƙa, ga Barakatu tsaye a jikin taga da guduma, tana zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba har kan wuyan rigarta, bakinta na ta bisimilla. Kowace ƙusa ta zare sai ta waiwaya ta dubi Nabila, wadda uwar ta riga ta janye gadonta zuwa lungu ta lulluɓe ta. Da ta zare ta ƙarshe ta tura tagar kaɗan. Ƙarar na'urar ma sai da ta sauya. Labule ya ɗaga, nauyin nan da ke danne ƙirji ya fara yayewa.

Nabila ta leƙo daga cikin mayafi ta ja numfashi ta ce, "Yumma, ɗakin ya daina warin akuya."

Ni dai na zauna a ƙasa na yi kuka na yi dariya. Ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba.

Sai dai an gyara rabi ne. Laima ta tafi, sanyin asuba ya daina dukan yarinyar, amma da zarar an ɗauke wuta ɗakin bulo ya koma gidan jiya. A nan ne sana'ar Barakatu ta yi mata rana. Wata safiya ta koma suyar gyaɗa, ina taya ta ƙullawa, ta sauke kasko daga wuta ta ci gaba da juyawa. Ta ce, "Kin ga, in ba yashi, wuta na tashi gyaɗa ta ƙone, wuta na mutuwa ta huce ɗanya. Yashi ne ke karɓa a hankali ya saki a hankali." Ta nuna ɗakin Muhajir da ludayi. "Wancan kasko ne ba yashi."

Yashin da take nufi shi ne tsohon ɗakin jalus da ke ƙuryar gida, ginin ƙasa mai kaurin bango, rufinsa itace da tabarmi da laka. Tun da aka yi sabon ɗaki aka mayar da shi wurin ajiye buhunan gyaɗa da gawayi. Ciki da falo ne. Ta kwashe kayan, ta share, ta yi sabon yaɓe. Da Salih ya ga ta ɗauko diga za ta huda bangon falon, sai ga shi ya yi magana, abin da ya sa duk muka juyo.

Ya ce, "Barakatu, me za mu ce wa Muhajir?"

Ta ce, "Za mu ce masa 'yarsa na gaishe shi."

Ya karɓi digar ya huda da kansa.

Aka ciro na'urar aka kafa ta a falon jalus, Nabila kuma a ɗakin ciki, inda iska ke isa bayan ta rage kaifi, ta fita ta wata 'yar taga ta sama. Da safe bangon ya sha sanyi ya ƙoshi, in an ɗauke wuta da rana sai Barakatu ta rufe ƙofa da taga, bangon ya riƙe ɗakin har la'asar. Ta sa aka ɗora ganga a kan duwatsu a bayan na'urar, da siririn tiyo, ta yadda ko famfo ya ƙafe ciyawa ba za ta bushe ba. Ta kuma ajiye ɗan man shanu a kofin shayi a kan wata 'yar kanta kusa da gadon. In ya narke ya zama ruwa, ɗaki ya yi zafi, a kunna. In ya daskare ya yi tauri, a kashe. Tana son ta gan shi da laushi, yadda yatsa zai shiga ba wahala. Kullum tana cikin leƙa kofin nan, ta ƙara taga, ta rage taga, ta kashe famfo ta bar fanka.

Kowane lokaci na shekara da irin rigimarsa. Guguwar habub ta taso ta cika ciyawar da ƙasa, ta zama laka, Barakatu ta koyi kwance ragar ta wanke ta mayar. Damina ta zo iska ta yi laima, na'urar ta zama raguwa, sai ta gane a irin wannan lokaci ruwan ma ba ya da amfani, fanka kaɗai ta isa. Da sanyi ya shigo ta naɗe akwatin da buhu, ta riƙa shigar da kaskon garwashi da yamma bango ya ɗumama, ta fitar da shi ta bar hayaƙi ya fice kafin yarinyar ta shiga. Ba ta yi karatun boko ba, na allo ma bai yi nisa ba, amma ta san halin ɗakin nan fiye da yadda na san halin mijina.

Ba zan ce Nabila ta warke ba, sikila ba ta warkewa haka. Takan yi ciwon gaɓoɓi ta kwanta yini, a ba ta magani da ruwa ta tashi. Amma ragowar bazarar nan ta wuce ba a kwana asibiti ba, damina ta wuce, sanyin Janairu da muke tsoro ya zo ya tafi. Ta koma makaranta. Kumatu suka fito mata.

Da Muhajir ya dawo hutu ya tarar da ɗakinsa mai shuɗin fenti cike da buhunan gyaɗa, na'urarsa kuma a jikin bangon laka, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya shiga ɗakin jalus da azahar don ya yi faɗa, lokacin ma ba wuta. Ya zauna a bakin gado ya fara, "Yaya, ni fa ban ji daɗi ba," Nabila ta haye cinyarsa tana lalube aljihunsa. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya sake ɗagawa. Faɗan da bai ƙarasa ba ke nan. Kafin ya koma shi ya saya wa na'urar sabuwar ciyawa.

Labari ya bazu a unguwa. Mata suka fara aiko yara, wai Hajja Barakatu ta zo ta duba musu mukayyif. Takan je da mayafinta da ledar gyaɗa a hannu, ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta shaƙi iska, ta ce a buɗe can, a janye nan, wannan ciyawar ta mutu. Kwandastocin tasha suka sa mata suna Usta Barakatu. Takan zage su, amma na lura ba ta taɓa cewa su daina ba.

Ana saura kaɗan mu komo gida, wata rana da azahar muna zaune a ƙarƙashin darbejiya muna ɓarar gyaɗa, sai muka ji ana buga ƙofa kamar za a karya. Wata maƙwabciya ce mai suna Sittana, ta shigo ba sallama tana jan 'yarta, ƙatuwar yarinya da ta fi Nabila tsawo da kai guda. Leɓen yarinyar a kumbure, ɗankwalinta a yage. A bayansu ga Nabila, rigar makaranta duk ƙasa, takalmi ɗaya a hannu, tana huci.

Sittana ta ce, "Ya Hajja, dubi abin da 'yarki ta yi! Tun daga ƙofar makaranta ta biyo ta da gudu har bakin tasha, ta kayar da ita ta hau kanta. Da ƙyar mutane suka ɓamɓare ta!"

Barakatu ta miƙe a hankali, ɓawon gyaɗa na zuba daga cinyarta. Ta ce, "Da gudu?"

"Da gudu mana!"

"Daga makaranta har tasha? A cikin ranar nan?"

"Ina faɗa miki!"

Ta juya ga Nabila. "Ke, gaskiya ne?"

Nabila ta ce, "Ita ta ce mini mai ƙashin kaza."

"Akwai inda ke miki ciwo?"

"Hannuna kawai, wurin da na buge ta."

Barakatu ta kama hannun ta juya shi, ta latsa gwiwoyin yarinyar, ta dubi cikin idonta. Sannan ta ɗaga kai sama, ta sa hannu a baki, ta rangaɗa guɗa wadda sai da tantabarun maƙwabta suka tashi. Sittana ta ja da baya tana dubana, tana tambaya ko matar nan ta taɓu. Ni kuwa ba bakin amsawa, domin na riga na kama tawa guɗar.

Sai da ta yi mai isarta ta share ido da gefen mayafi. Ta cika wa 'yar Sittana hannu biyu da gyaɗa, ta ba uwar haƙuri, ta raka su har ƙofa. Da ta dawo ta kama kunnen Nabila ta murɗa da gaske, har yarinyar ta yi ƙara.

Ta ce, "Gobe ki sake. Wuce ki sha ruwa."